Ɓarawon Wayifai a Hawa na Uku

Ranar da Yaya Pei-lan ta ce akwai ɓarawo a gidanmu, ruwa ake yi. A birnin Keelung ruwan sama ba labari ba ne. Ina cikin ba wa mahaifiyarta, Ama, kunun shinkafa, sai ta fito daga ɗaki da kwamfuta a hannu, idanunta jajur.

"Ke A-si, dubi nan. Dubi abin nan ki gaya min ko idona ne."

Na duba. Wani koren layi ne a fuskar kwamfutar, ya maƙale a gefe ya ƙi gaba.

Sana'ar Yaya Pei-lan gyaran bidiyon biki ce. Masu ɗauka su kawo mata, ta juye a wani baƙin akwati da ke falo, wanda take kira rumbu, sannan ta riƙa jawo su zuwa kwamfutarta ta wayifai. A da, kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Yanzu sai ta yi wanka, ta ci abinci, ta yi cacar baki da Ama, ta dawo ta tarar layin bai kai rabi ba. Wata amarya har ta zage ta a waya.

"Wani ne yake shanye mana wayifai," in ji ta. "Kuma a benen nan yake."

Kafin yamma duk benen ya ji. Mutanen da muke gaisawa a matakala suka koma kallon takalmansu. Kowa ya san lambar sirrin wayifan gidanmu, domin lambar tsohuwar wayar gidan ce, Ama kuwa ko mai kawo gas ya tambaya sai ta karanto masa.

*

Dare bai yi ba babban wan Yaya Pei-lan, Wen-kang, ya kira daga Taichung. Ta saka shi a lasifika.

"Zan canja lambar sirrin kawai," ta ce.

"Kar ki soma. Maɓallin neman taimako da Mama take dannawa idan ta faɗi a kansa yake. Kika canja ya mutu, sai na zo. Kuma me ya kai ki nesa? Yarinyar nan ce. Yini suke yi suna bidiyo da 'yan garinsu."

Ina tsaye da kwano a hannu. Sunana Darsih, daga Indramayu, can wata ƙasa, na zo aikin kula da Ama, sun kasa faɗar sunan suka mayar da ni A-si. Na daɗe a gidan har na iya yaren Ama fiye da jikokinta. Amma ban iya magana a gaban mutane ba. Ko a firamare, iyakar karatuna, idan malami ya kira sunana sai muryata ta gudu.

"Idan Bikin Fitilu ya wuce ba a gyara ba, zan kira dillali ya canja ta," ya ce. "Na gaji."

Na san me hakan ke nufi. Dillalin da ya kawo ni aiki zai zo da mota, in kwashe kayana, a kai ni ɗakin jira inda mata ke kwana a jere, ko a samo min wani gida ko a saka ni a jirgi. Ama kuma ba ta karɓar cokali a hannun kowa sai nawa.

Na ciro wayata na miƙa wa Yaya Pei-lan. Ta karɓa ba ta kalle ni ba, ta kulle a durowa. Kwanaki suka wuce ban ji muryar mahaifiyata ba. Koren layin bai canja tafiya ba.

"To tana da ta biyu a ɓoye," in ji Wen-kang. "Duk haka suke."

*

Yaya Pei-lan ce ta nemo Goggo Yu. A da Goggo Yu tana hawa turakun kamfanin waya, har gwiwoyinta suka ƙi. Yanzu bin sawun kyanwar da ta ɓata take yi wa mutane, wani lokaci kuma irin wannan. Ta iso hawa na uku tana haki, rigar ruwanta tana ɗiga, ta zauna a kan akwatin takalma kafin ta gaishe da kowa.

"Wanda ya gina benen nan ba shi da uwa," ta ce. "Ina mara lafiyar?"

Aka nuna mata akwatin wayifai. Ta daddanna wayarta ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ga Yaya Pei-lan.

"Ga kwamfutarki, ga rumbunki, ga talabijin, ga maɓallin Ama. Ga baƙi kuma. Amma akwai wani da ba shi da suna, ba ya barci, ba ya hutawa. Turawa kawai yake yi waje, kuma da ƙyar yake magana, shi ya sa kowa ke tsayawa jiransa. Kin taɓa bin bayan tsohuwa a siririyar matakala?"

"Kullum."

"To haka ne. Me ya hana ki jawo waya daga rumbun zuwa ɗakinki ki huta?"

"Mama ta taɓa harɗewa da waya ta faɗi. Tun daga nan aka hana."

Goggo Yu ta juyo ta kalle ni, daga ɗankwalina har silifas.

"Ke ce ɓarauniyar?"

Na sunkuyar da kai.

"Ɗauko min jakata. Wanda ake zargi gara ya zauna inda nake ganinsa."

*

Muka fara da ƙasa, shagon taliyar Goggo Bi-sia. Tana tsame taliya daga tukunya, wayarta a jingine da kwalbar miya tana nuna wasan kwaikwayo.

"Ƙanwata, wayifan wa kike kallo da shi?" in ji Goggo Yu.

"Na gwamnati."

"Gwamnati tana hawa na uku yanzu?"

Goggo Bi-sia ta buga ludayi a bakin tukunya. "Ama ce ta ba ni da bakinta! Ni da na yi shekaru ina aika mata romo kyauta? Ɗan abin da na tsinta a iska shi ne sata? Ki je sama ki tambayi wancan tsohon kwaɗon, shi da ke kuka tun safe."

Goggo Yu ta sa ta cire wayarta daga kan wayifan. Muka kira Yaya Pei-lan a sama. Layin yana nan inda yake.

Hawa na huɗu Kawu Kao ne, tsohon matuƙin jirgin ruwa, mai injin waƙa. Ya buɗe ƙofa da singileti, makirufo a hannu.

"'Yan sanda ne? Ai kun yi tsufa da aikin."

"Kai ma ka yi tsufa da waƙar soyayya, amma ga shi ba ka bari ba. Matsa in wuce."

Injinsa ma a kan wayifanmu yake. Ya rantse jikansa ne ya haɗa, shi bai san komai ba. Aka cire. Muka sake kira. Babu canji.

A matakala Goggo Yu ta zauna tana murza gwiwa. Ta ciro gwangwanin kofi ta sha rabi, ta miƙo min sauran.

"Ɓeraye biyu mun kama, amma ba su ne suka cinye buhun ba," ta ce. "Ke, tsakani da ni, kina da wata wayar?"

"A'a, Goggo."

"Ɗaga murya. Ba kyanwa nake nema ba yau."

"Ba ni da ita."

Ta gyaɗa kai, ba ta ce ta yarda ba.

*

Washegari ta dawo da wata 'yar na'ura mai ƙaho, wadda ke ƙara idan ta kusanci abin da ake nema. Ta bi kicin, na'urar ta yi shiru-shiru. Ta bi banɗaki, ta bi baranda inda wanki ya ƙi bushewa. Da ta shigo falo sai ƙarar ta fara sauri. Ta bi ta a hankali, tana jan ƙafa, har ta tsaya a kan gadona.

A falo nake kwana. Gado ne mai naɗewa, a gefen teburin bautar kakanni, wajen da zan ji Ama idan ta yi tari. Jakata tana ƙarƙashinsa.

Yaya Pei-lan ta matso ta tsaya a kaina. Na'urar ce kawai ke ta kuka.

"A-si," in ji Yaya Pei-lan, muryarta ƙasa-ƙasa. "Buɗe."

Na buɗe. Na fito da komai na jera a ƙasa: dardumata, rigar salla, hoton ƙanwata, man zafi, har kamfaina. Suka ɗaga katifa, suka lalube matashin kai. Goggo Yu ta durƙusa da ƙyar ta haska ƙarƙashin gadon, ta ƙwanƙwasa bango. Ba komai. Na'urar kuwa ba ta daina ba.

Yaya Pei-lan ta koma ɗakinta ta rufe ƙofa. Ni kuma na zauna ina ninke kayana ɗaya bayan ɗaya. Ban yi kuka ba. Gajiya ce ta hana.

*

Goggo Yu ba ta tafi ba, ƙafarta ce ta ƙi saukowa. Ta zauna a bakin gadona ina taje wa Ama kai. Ama tana mantuwa sosai, wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta mutu. Amma ranakun ibada ba ta taɓa kuskure su ba.

Goggo Yu ta ɗaga murya. "Pei-lan! Wai yaushe abin nan ya fara?"

"Kafin sabuwar shekara," ta amsa ta bayan ƙofa. "Ban riƙe rana ba."

"Ni na riƙe," in ji Ama. "Ranar da aka sallami alloli ce. Da safe muka raka su sama, da yamma waccan ta fara zagin injinta. Na ce mata, kin ci sa'a ba sa nan, da sun ji bakinki."

Ta yi dariya ita kaɗai. Goggo Yu ba ta yi ba. A hankali ta ɗaga kai ta kalli teburin: gumakan, allon sunayen kakanni, kaskon turare, da jajayen fitilu biyu, ɗaya a kowane gefe.

A gidajen nan ba a motsa komai a kan teburin. Ko ƙura ta taru sai dai a kalle ta. Rana ɗaya ce a shekara, idan an sallami alloli sun tafi kai rahoto, ake sauke kaya a goge. Fitilun kuwa ba a kashe su.

"Wa ya goge bana?" ta tambaye ni.

"Ni ba na taɓawa, Goggo. Aikin babban ɗa ne. Yaya Wen-kang ne ya zo."

"Shi kaɗai?"

"Ya ce in kai Ama asibiti a duba jininta. Da muka dawo ya gama. Har sababbin fitilu ya kawo."

"Ɗan kirki," in ji Ama. "Masu tsada ne."

Goggo Yu ta rufe ido. "Na zagaya teburin nan ina leƙa ƙarƙashin gado kamar mai neman ƙwai, ban ɗaga kai ba. Uwata ta taɓa marina a kan na nuna shi da yatsa. Ga shi har yau marin yana aiki." Ta miƙe tana dafa bango. "Kar ki gaya wa kowa. Ke dama ba kya magana."

*

Ana gobe Bikin Fitilu Wen-kang ya zo, da kwalin kek a hannu, ya ce dillali zai biyo baya jibi. Ya tarar da falo cike. Goggo Bi-sia ta hau da ƙyallen girkinta a ɗaure, ta ce sai an wanke mata suna. Kawu Kao ya sa riga.

"Taron me ake yi?" in ji Wen-kang.

"Zauna, ɗana," in ji Goggo Yu. "Kallo za mu yi."

Ta sa Yaya Pei-lan ta ɗora kwamfuta a kan teburin shayi, ta fara jawo bidiyon wani biki. Koren layin ya fito, ya tsaya. Duka muka zuba masa ido.

"Wayar mai taliya ba ta kai. Injin kwaɗo ba ya kai."

"Wa kike kira kwaɗo?" in ji Kawu Kao.

"Wayar yarinyar nan tana durowa. Saura abu ɗaya a ɗakin nan da ban gwada ba. Ina so a zare wayar fitilar hagu."

Wen-kang ya miƙe tsaye. "Ba ki da hankali? A gidan ubanki haka ake yi? Alloli sun dawo, ba mai taɓa teburin nan sai baɗi!"

"Gaskiyarsa," in ji Goggo Bi-sia, ta ja da baya. "Ni kam ba da ni ba."

"Ni ma ba zan taɓa ba," in ji Goggo Yu. "Ba teburina ba ne. A tambayi masu shi."

Ama ta fahimta kafin kowa. Ta miƙo hannu, Yaya Pei-lan ta ɗauko mata 'yan katakon nan biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda ake jefawa idan ana neman amsa. Na tura kujerarta gaban teburin. Ta riƙe su a ƙirji, ta yi magana da marigayi mijinta kamar yana tsaye a bakin ƙofa.

"Tsoho, 'ya'yanka sun hana ni barci. A kashe fitila ɗaya, ko a bari?"

Ta sake su. Suka yi ƙara a kan tayil. Ɗaya ya kife, ɗaya ya kwanta rigingine.

"Babanku ya yarda," ta ce.

"Mama, ba ki san abin da kike..."

"A-si, matsa da ni."

Na matsa da ita. Da hannunta ta kama wayar fitilar ta ja. Fitilar hagu ta mutu.

Kawu Kao ne ya fara gani. "Kai! Ku dubi!"

Koren layin ya zabura. Kafin Goggo Bi-sia ta gama sa tabaranta ya kai ƙarshe.

Yaya Pei-lan ta sauko da fitilar, ta juya ta wajen taga. A gindinta, cikin zanen furen, akwai wani ɗan rami kamar ƙwayar gero, da gilashi a ciki.

"Kyamara ce," in ji Goggo Yu. "Mai arha ma. Da ka sayi mai kyau da ba a kira ni ba."

Wen-kang ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon kwalin kek ɗin.

"Mama nake son in riƙa gani," ya ce. "Ina nesa. Aiki ba ya barina. Kuma ana jin labarin abin da masu aiki suke yi wa tsofaffi."

"To me ka gani?" in ji Yaya Pei-lan.

Ya kawar da kai gefe.

"Yaya, tambayarka nake. Ka ga ta dake ta? Ka ga ta hana ta abinci?"

"A'a."

"Amma ka ce a kore ta. Ka san fitilarka ce, ka ce a kore ta."

"Ban san ita ce ke jawo wannan ba. Da farko ban sani ba. Daga baya..." Ya shafa fuska. "Da na faɗa, da kin yi min abin da kike min yanzu."

Ni ba na jin su sosai. Gadona nake kallo, ina kallon inda fitilar take. A nan nake cire ɗankwali. A nan nake canja kaya idan Yaya Pei-lan ta daɗe a banɗaki. A nan nake yi wa Ama rawar garinmu don ta yarda ta sha magani.

Goggo Bi-sia ta kalle ni, ta kalli gadon, ta toshe baki da hannu. Kawu Kao ya fita bai yi sallama ba.

"Shi ke nan," in ji Wen-kang, bai ɗago ba. "Zan gaya wa dillali ya bari. Ta zauna."

Goggo Yu ta matso kusa da ni tana zuge jakarta. Ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Yarinya, abin da aka yi miki laifi ne a dokar ƙasar nan. Akwai inda ake kai ƙara, akwai masu jin yarenku. In kin ce mu je, zan raka ki, ko da gwiwar nan za ta cire. In kin ce a'a, ba zan ga laifinki ba. Ke za ki zaɓa."

Duk suka juyo. Na buɗe baki muryar ta ƙi fitowa. Na haɗiye yawu na sake gwadawa.

"A ba ni fitilar."

"Me za ki yi da ita?" in ji Wen-kang.

"Ajiyewa zan yi, har in gama tunani."

Yaya Pei-lan ta sa min ita a hannu. Da sauran ɗuminta.

"Kuma ina son ƙofa," na ce.

"Ƙofa?"

"Ɗaki mai ƙofa. In ba haka ba, dillalin ya zo jibi kamar yadda aka ce."

Ni kaina ban san zan faɗi wannan ba. Ama ta kama gefen rigata ta riƙe.

Ɗaki ɗaya ne ya rage a gidan, wanda Wen-kang ya tashi a ciki. Littattafansa na makaranta da kofunan ƙwallo da tsohon kekensa suna nan jibge, an ce kar a taɓa. Yaya Pei-lan ta je ta buɗe shi, ta tsaya a gefe tana kallon wanta.

Shi ya kwashe da kansa. Kwali bayan kwali yana sauka da su, yana hawowa a jiƙe. Goggo Bi-sia ta tsaya a bakin shagonta tana lura, ba ta riƙe masa lema ba. Goggo Yu ta bi bayansa a sawun ƙarshe, tana dafa ƙarfen matakala tana zagin wanda ya gina benen.

Ɗakin ƙarami ne, yana warin danshi. Na shigar da gadona da jakata. Na duba ƙwan lantarki, na duba bayan labule, na duba saman kabad. Sannan na tura ƙofar, na murɗa makulli, na zauna a ƙasa na jingina da ita.

Ban daɗe ba na ji Ama tana kira daga falo, wai kunun ya huce kuma ba ta son hannun Pei-lan.

"Ina zuwa, Ama," na ce.

Amma sai da na ƙara ɗan zama.